Bayan Ruwa Ya Janye, Wa Ke Kula da Zuciyar Yaro?

Darasinmu na wannan makon a kan wasu ma'aikata ne da ba kasafai ake jin ɗalibi ya ce aikinsu yake so ya yi ba. Idan aka tambaye mu a aji, daga likita sai soja, sai lauya, sai matuƙin jirgi. Ba mu taɓa jin wanda ya ɗaga hannu ya ce zai zama mai ba da shawara ko jami'in jin daɗin jama'a ba. Alhali su ne ake nema idan masifa ta faɗa wa gida, yaron gidan kuma ya kasa komawa yadda yake.

Mu ɗauki Maiduguri. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale babban ɓangare na birnin cikin dare. Ya shiga unguwanni irin su Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, har gidan namun daji bai tsira ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Bayan kwanaki ruwa ya janye, aka kwashe laka, aka raba abinci da tabarmi, daga baya makarantu suka buɗe. A ido, magana ta ƙare.

To a ce akwai ɗalibi ɗan shekara 15 da ya kwana a kan rufin ɗaki a wannan daren. Jikinsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Amma da zarar hadari ya haɗo, ko yayyafi ya fara bugun kwano, sai gabansa ya riƙa faɗuwa, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. Ba ya barci sai gab da asuba. A aji yana kallon allo amma hankalinsa na wani wuri. Wanda da shi ke fara ba da amsa, yanzu ko littafi ba ya buɗewa, kuma abu kaɗan sai faɗa. A makaranta za a ce ya lalace. A gida wani zai ce taurin kai ne, wani ya ce iska ce.

Masana suna kiran wannan firgicin da ke biyo bayan masifa. Ƙwaƙwalwa tana da wani sashe mai aikin maigadi: da ya hango haɗari sai ya sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jiki ya shirya gudu. A daren ambaliya wannan maigadi ya yi aikinsa daidai. Matsalar ita ce wani lokacin ba ya yarda cewa haɗarin ya wuce, sai ya ci gaba da busa usur a kan ƙarar ruwan sama kawai. Yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu cikin makonni, musamman idan suna tare da danginsu. Wasu kuma abin ba ya sakin su sai da taimako. Kuma ba sai an yi ambaliya ba: rabuwar iyaye, mutuwar uwa, sace ɗan'uwa, duka a gida, duk suna iya jawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku ƙirga ajinku ku raba da bakwai.

A nan ma'aikata iri biyu ke shigowa, kuma ana yawan haɗa su alhali aikinsu daban ne.

Na farko shi ne mai ba da shawara, ko masanin halayyar ɗan Adam. Shi ba ya rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Kayan aikinsa kunne ne da tambaya. Abin da ya fi ba mu mamaki da muka karanta shi ne, ƙwararre ba ya tilasta wa yaro ya ba da labarin abin da ya faru. Mu mun saba da "faɗa mana komai, ka ji sanyi". Amma tono labarin da ƙarfi, tun yaron bai shirya ba, yana iya tayar da ciwon. Sai ya fara da abin da ke damun yaron a yau: barci, cin abinci, karatu. Zai koya masa jan numfashi a hankali ya sake shi a hankali idan gabansa ya fara faɗuwa, domin wannan yana kwantar da bugun zuciya. Bayan sun saba, sai su shiga binciken tunani. Yaron ya ce, "Duk ruwan da aka yi, gidanmu zai nutse." Ba za a ce masa ƙarya yake yi ba. Za a tambaye shi: sau nawa aka yi ruwa tun daga ranar? Sau nawa gidan ya nutse? Shi da kansa zai ga tazarar da ke tsakanin tsoronsa da abin da ke faruwa. Wannan ba aikin zama ɗaya ba ne, yakan ɗauki makonni.

Na biyu shi ne jami'in jin daɗin jama'a. Idan na farko yana duba abin da ke cikin kan yaro, shi wannan yana duba abin da ke kewaye da shi. Zai taka har gida. Wataƙila ya tarar uban ya rasa shagonsa a kasuwa, ya zama mai yawan tsawa. Uwar tana kuka a ɓoye. Iyalin mutum tara suna cunkushe a ɗaki ɗaya a gidan dangi, yaron kuma yana tura baro da rana don a samu na cefane. Yaya za a ce wa wannan yaro ya kwantar da hankalinsa? Jami'in zai buɗe wa iyalin fayil, ya nemo inda ake ba da tallafi, ya je makaranta ya yi magana da shugabanta kan kuɗin jarrabawa da kwanakin da aka rasa. Idan an rabu da wani ɗa a cikin ruɗani, akwai ƙungiyoyi irin su Red Cross da ke aikin nemo dangi a sada su. Idan kuma ana cutar da yaro ne a gidan, jami'in na da dokar da zai jingina da ita, wato Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da irinta da jihohi suka kafa.

A ganinmu, wannan ne gishirin darasin: ba a gyara yaro a mayar da shi gidan da bai gyaru ba. Shi ya sa sau da yawa ake zaunar da iyaye su ma, a bayyana musu cewa ɗansu ba raini yake yi ba. Kuma ma'aikacin kirki ba ya faɗa da addu'a. Yakan nemi liman ko mai unguwa su sa baki, don ya san maganarsu ce iyaye za su fi ji.

Matsalar ita ce ma'aikatan sun yi kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, ga al'umma fiye da miliyan 200. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano, amma mutane da yawa na gudun zuwa don kada a ce sun haukace. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar nan tana aiki ne da tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, wadda ta fi damuwa da tsare mara lafiya fiye da yi masa magani. A Borno, Gidauniyar Neem da Dakta Fatima Akilu ke jagoranta ta juya lamarin: maimakon a jira waɗanda rikicin Boko Haram ya shafa su zo asibiti, masu ba da shawara ne ke bin su har unguwanninsu.

Mu ɗalibai fa, ina namu? Mu ba ƙwararru ba ne, kada mu ɗauki kanmu haka. Amma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu ƙungiyoyi ta fitar da jagora kan agajin gaggawa na zuciya, wanda kowa zai iya koya. Matakai uku ne: duba, saurara, sada. Ka lura da abokin da ya canza. Ka zauna kusa da shi ka ji ta bakinsa ba tare da katse shi ko yi masa wa'azi ba, idan ya yi shiru ka bar shi da shirunsa. Sannan ka sada shi da babba: malamin shawarwari, malamin aji, matar da ke kula da ɗakin kwana, ko wani a gidansu da ya yarda da shi.

Sirri amana ne, abin da aboki ya faɗa maka ba na hirar bakin famfo ba ne. Amma akwai sirrin da ba a riƙewa. Idan ya ce yana tunanin kashe kansa, ko wani na cin zarafinsa, ko da ya sa ka rantse, ka gaya masa a fili cewa wannan ya fi ƙarfinka, za ku je wurin malam tare. Idan ya ƙi, ka je kai kaɗai a ranar, ba gobe ba, ka ce, "Malam, ina da magana a kan wane, kuma ba ta jira."