Ina Maganin Feshi Yake Tafiya?

Wanda ya zaga birnin Zariya ya san ba gidaje kaɗai ke cikin ganuwa ba. Akwai gonaki da lambuna, ga kududdufai da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini tun zamanin kakanni. Rafin Kamaca ya ratsa birni, ruwansa yana gangarawa kogin Galma, inda masu noman rani ke shuka tumatir da albasa da rake. Yau kusan kowane manomi yana fesa maganin ciyawa da na ƙwari. To, idan an fesa, ruwan sama ya sauko ya wanke, ina maganin yake tafiya?

Fadama yake tafiya, domin can ruwa ke taruwa.

Allah ya yi wa fadama wata baiwa, tana iya rage ƙarfin guba. Hasken rana yana karya maganin da ke saman ruwa, kamar yadda yake koɗar da atamfar da aka bari a kan igiya. Wani maganin kuma laka ce ke kama shi ta riƙe. Amma babban aikin na wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune cikin taɓo da jikin saiwar kacalla da bado. Su ne suke cin maganin sannu a hankali har ya rikiɗe. Aikin nasu yana son lokaci. Ruwan da ya kwanta makonni a kududdufi yana ba su dama. Wanda ya wuce a guje bayan mamakon ruwa kuwa, da gubarsa yake isa Galma.

Yaya masana suka gane haka? Da rini suka bi sawun ruwa. Bazazzagi ya san marina, don haka wannan ba zai ba shi wuya ba. Sukan zuba abu uku a inda ruwa ke shiga fadama: wani irin gishiri, da koren rini, da jan rini. Gishirin ba ya lalacewa, yana bin ruwa duk inda ya nufa, shi ke nuna kwanakin da ruwa ya yi kafin ya fita. Koren rinin rana ce ke kashe shi. Jan rinin kuma yana manne wa laka. Sai su je bakin mafita su ɗibi ruwa su auna. In koren ya ragu, rana ta yi aiki. In jan ne ya ragu, laka ta kama. Da haka suke kintatar abin da zai sami maganin feshi a wannan wuri, ba tare da sun zuba guba ba.

Magunguna ba ɗaya suke ba. Wani yana lalacewa cikin kwanaki. Atarazin, wanda aka daɗe ana fesa wa gonar masara, ba ya manne wa ƙasa sosai, yana iya bin ruwa ya nutse har ya kai ga rijiya. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a 2004. Gamalin, da wasu ke zubawa a ruwa don kama kifi, yana daɗewa ƙwarai, kuma yana taruwa a jikin kifi. A 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin gubar da za a daina amfani da ita.

Ga abin da ya fi damuna. Ruwa yana iya yin garau alhali akwai guba a ciki, don maganin ba shi da launi irin na rini. Wanda laka ta riƙe ma bai mutu ba, ɓuya ya yi. Kuma abin da maganin ya rikiɗe ya zama, wani lokaci shi ma guba ne.

Malam manomi, kada ka wanke famfon feshi a rafi ko a bakin rijiya. Ɗauraye kwalbar maganin sau uku, ka juye ruwan cikin famfon ka fesa a gona, sa'an nan ka huda kwalbar don kada yara su ɗauka su sha ruwa da ita. In hadari ya haɗo, ka dakata da feshi. Ciyawar da ke bakin rafi kuma ka bar ta, kada ka nome har gaɓa, ita ce ke tare ruwan gonarka kafin ya kai ga maƙwabcinka na gangare.