Kifin Ƙarya

Kowane mai fatsa ya san wahalar neman abin da zai sa wa ƙugiya. Da damina tana ba ta wuya, kana tona gindin randa za ka cika gwangwani. Amma rani na yi, ƙasa ta bushe ta yi tauri, sai mutum ya ɓata hantsi guda yana haƙa bai sami ta kirki ba. Wani ya koma bin fara a gona, wani ya fasa suri don gara, wani ya je mahauta roƙon hanji. Kafin azahar kuma abin ya yi wari, ko ƙananan kifaye su tsattsage shi su bar ƙugiya tsirara.

Akwai wata dabara da ke rage wannan wahala. Ana yin wani abu da ƙarfe, ko itace, ko gashin tsuntsu, a ɗaura masa ƙugiya, a jefa a ruwa a riƙa ja. Babban kifi sai ya zaci ɗan kifi ne ke gudu, ya kai masa cafka. Shi ne muke kira kifin ƙarya. Ba ya ruɓewa, ba ya ƙarewa, yau ka kama da shi, gobe ma ka kama da shi, sai ranar da ya maƙale a kututture ya tsinke.

Sai dai ba kowane kifi ake yaudara da shi ba. Kifin ƙarya na kifaye mafarauta ne, masu cin 'yan uwansu: giwan ruwa, da tsage, da tufi. Karfasa galibi gansakuka da ƙananan abubuwa take ci. Bargi tace ruwa da laka yake yi. Tarwaɗa kuwa da ƙanshi da gashin baki take neman abinci, shi ya sa hanjin kaza ya fi ja mata rai, ko da yake babba takan kai wa abu mai motsi hari jefi-jefi. Wanda ya je kududdufin da babu kowa ciki sai karfasa da kurungu, ya wuni yana jefa ƙarfe, kada ya ga laifin ƙarfen. Wurin wannan aiki shi ne manyan ruwaye: tafkin Kainji, da kogin Kwara wajen Yawuri, da Binuwai, da tafkin Chadi, da duk inda aka san giwan ruwa ko tsage na kiwo.

Me ke sa kifi ya cafki ƙarfe? In ka je kasuwa, ɗauki giwan ruwa ka dubi gefensa. Za ka ga wani siririn layi ya taso daga bayan kai har wutsiya. Wannan layi ba ado ba ne. Da shi kifi ke jin girgizar ruwa, kamar yadda kake jin wucewar babbar mota a tafin ƙafarka tun ba ka gan ta ba. Ɗan kifi lafiyayye yana tafiya sumul. Wanda ya ji ciwo kuwa yana tangaɗi, ya karkata nan ya karkata can, cikinsa na walƙiya. Mafarauci ba ya son wahala, mai tangaɗin yake nema. Don haka aikin kifin ƙarya ɗaya ne: ya yi tafiyar marar lafiya.

Wani masunci talaka a ƙasar Finlan, mai suna Lauri Rapala, shi ya shahara da lura da wannan. Yana zaune a jirginsa yana kallon manyan kifaye na afka wa taron ƙanana, ya ga kullum mai ɗingishin suke ɗauka. A 1936 ya ɗauki ɓawon wani itace marar nauyi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, ya sassaƙa siffar kifi da wuƙa. Ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta cakulan. Ba shi da fentin da zai hana ruwa shiga, sai ya narka tsohon fim na hoto ya shafe shi da shi. Har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana sayar da kifin ƙarya a duniya. Dubi kayan da ya fara da su: wuƙa, da ɓawo, da takardar alewa. Duk akwai kamarsu a gidanka.

In za ka sayi na kanti, kada kyau ya ruɗe ka. Da yawa daga cikinsu mai saye aka yi wa kwalliyar, ba kifi ba: ga gashin ido, ga zane kala bakwai, amma ƙugiyar sai ka miƙe ta da yatsa. Fara duba ƙugiya. Matsa ta da ƙarfi, in ta buɗe, ajiye. Giwan ruwa kan wuce kilo 100, ko matashinsa mai kilo 10 ba zai bar ƙugiyar gwangwani da rai ba. Sannan duba zoben da ya riƙe ta. Bayan haka ka dubi girma: ya yi daidai da ƙananan kifayen ruwanku, kamar kawara, wato tsawon yatsa zuwa tsawon tafin hannu. Launi shi ne na ƙarshe. A ruwa garau, fari mai ƙyalli kamar azurfa ya isa. A jan ruwan damina, inda kifi ba ya gani da nisa, ɗauki mai ruwan tagulla ko baƙi, wanda ke girgiza sosai, don a nan layin gefen nan ne ke aiki fiye da ido.

Mafi sauƙin ƙerawa shi ne na cokali. A hannun kawuna na fara ganinsa, ina yaro. Ya ɗauko tsohon cokalin shayi na ƙarfe marar tsatsa, ya ɗora a kan turmi, ya yanke mariƙin da zarton ƙarfe, ya bar kan cokalin kaɗai. Ya goge wurin yankan a kan dutse har ya daina kaifi, don kada ya ci zare. Sai ya aike ni wurin maƙeri aka huda shi biyu, huda ɗaya a kowane ƙarshe, kusa da baki. A hudar ɓangare mai faɗi ya sa ƙaramin zobe irin na makulli, ya rataya ƙugiya mai baki uku. A hudar ɓangare mai tsini ya sa wani zoben, ya haɗa da ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake sayarwa wurin masu kayan su. Kada ka raina wannan ɗan ƙarfe. In babu shi, cokali na juyawa zare na murɗewa, kafin jifa ashirin ya cukurkuɗe ya zama gammo.

Da ya gama sai ya goge cokalin da toka har ina ganin fuskata a ciki. Na ce, “Kawu, mu tafi kogi.”

Ya ce, “Kai yaro, gaggawar me kake yi? Ɗebo ruwa a babban baho.”

Ya ɗaura zare ya ja cokalin cikin bahon. Sai ga shi yana juyi kamar farfela.

Ya girgiza kai. “Ka taɓa ganin kifi na wannan hajijiya? Ko mahaukacin tsage ba zai kula shi ba.”

Ya mayar da shi kan turmi, ya ɗan bubbuga tsakiyarsa da guduma, zurfin ya ragu. Ya sake ja. Wannan karon cokalin ya kwanta dama, ya kwanta hagu, yana walƙiya yana ɓacewa, bai kife ba. Kawu ya ce, “Yauwa. Yanzu ya yi rashin lafiya.”

To, haka za ka yi wa duk wanda ka ƙera. Gwada shi a baho ko a bakin ruwa marar zurfi inda idonka ke ganinsa. In yana juyi, rage masa zurfi ko ka rage saurin ja. In yana tafe shiru kamar ƙusa, ƙara masa lanƙwasa kaɗan. Kaɗan fa. Bugu biyu, ka gwada, bugu biyu, ka gwada.

Na biyu shi ne ƙugiya mai nauyin kai, wadda ake yi wa jela da gashi. Ita ce ta kifin da ke kwance a zurfi, gindin duwatsu ko ramin da ruwa ya haƙa a kwanar kogi, inda giwan ruwa ke fakewa da rana. Nemi ƙugiya mai dogon wuya. Ɗauki dalma ɗaya irin ta bakin birgi, ka matse ta da filaya a wuyan ƙugiyar, dab da idon da ake ɗaura zare. Ka sa nauyin ya rinjaya ta bayan ƙugiya, ba ta wajen tsininta ba. In ka yi haka, tsinin zai riƙa kallon sama a cikin ruwa, ba zai yawaita kama ciyawa da saiwa ba. Sai ka samo farin gashin kaza huɗu ko biyar, ko gashin wutsiyar akuya, ko zaren buhu da ka warware. Jera su bayan dalmar, tsawonsu ya wuce lanƙwasar ƙugiya da kamar gaɓar yatsa biyu. Naɗe gindinsu da zaren ɗinki tamau, ka ɗiga jan farce ko gam a kan naɗin. Kada ka cika gashi. Mai yawa dunƙulewa yake yi kamar jiƙaƙƙen tsumma, kaɗan kuwa shi ke buɗewa yana rufewa kamar abu mai numfashi. A ruwa mai sanyin gudu nauyin giram 10 ya isa. Inda ruwa ke da ƙarfi ko zurfi ya kai gaba uku, sai giram 20 zuwa 30.

A nan dole mu tsaya kan dalma. Dalma guba ce. Ba mu manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba ta da ɗaci, ba ta da wari, a hankali take taruwa a jiki ta lalata ƙwaƙwalwar yaro. Masunta da yawa na da al'adar matse dalma da haƙori. A daina. Kada a narka ta a ɗakin girki, kada a narka ta a cokali ko tukunyar da za a sake ci da ita, kada yara ko mai ciki su tsaya kusa. Ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa cikin narkakkiyar dalma, fantsama take yi ta ƙona fuska. Fasa tsohon batirin mota don a ciro ta kuwa ya fi duka haɗari, ga guba ga ruwan batir. In ka taɓa ta, wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci. Wanda ma ya ga zai iya, ya bar dalmar: ƙaramin noti na keke da aka zura a wuyan ƙugiya aka ɗaure da wayar tagulla yana yin aikin.

Na itace ya fi cin lokaci, sai mai haƙuri. Ana sassaƙa shi da itace marar nauyi kamar rimi, a tsaga cikinsa a zura waya guda daga baki har wutsiya, don ƙugiya ta rataya a jikin waya ba a jikin itace ba. A ƙarƙashin haɓa a soka ɗan leɓe da aka yanko daga jarka. Leɓen ke sa shi nitsewa da kaɗa jiki. In yana karkata gefe ɗaya, lanƙwasa zoben hancinsa kaɗan zuwa ɗaya gefen.

Duk wanda za ka jefa a ruwan da ke da tsage, sa masa waya. Haƙoran tsage kamar ƙusoshi suke, suna shiga tsakanin juna, zaren roba kuwa cizo ɗaya ne. Tsohon kebur na birkin keke ko na kulocin babur yana da siraran wayoyi a ciki. Warware biyu ko uku, tsawon taƙi ɗaya, ka haɗa tsakanin kifin ƙarya da zarenka. Bakin tsage kuma ƙashi ne, ƙugiya marar kaifi zamewa take yi. Ja tsininta a kan farcen babban yatsa: in ta kama farcen ta yi, in ta zame koma kan dutse.

Ba sai kana da sandar Turawa mai na'urar naɗe zare ba. Naɗe zarenka a jikin gwangwani ko kwalba, ka riƙe ta da hagu bakinta na kallon ruwa, ka wulwula kifin ƙarya da dama ka saki, zaren zai zube da kansa. Ko ka sake shi a bayan jirgi kamar gaba goma sha biyar, kana tuƙi a hankali. Amma kada ka kuskura ka naɗa zare a yatsa ko a wuyan hannu. Babban giwan ruwa in ya fizga, zai yanka nama har ƙashi, ko ya jawo mutum cikin ruwa. Sa tsumma ko guntun fata a tafin hannu.

Cokali ana jansa ne a hankali, a ɗan tsaya, a ci gaba. Sau da yawa a wurin tsayawar nan, yana gangarawa ƙasa yana lilo, kifi ke ɗaukarsa. Mai gashi kuwa sai ka bar shi ya nitse, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, har zare ya yi sako-sako, alamar ya taɓa ƙasa. Riƙe lissafin. In a goma ya taɓa, jifa na gaba fara ɗagawa a tara, ba zai maƙale ba. Ɗaga shi kamu ɗaya, ka bar shi ya koma, ka sake ɗagawa. Lokacin da ya fi shi ne daga asuba zuwa fitowar rana, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba, sa'ad da za ka ga ƙananan kifaye na tsalle a bakin ciyawa kamar an watsa tsakuwa. Wani abu ne ke korarsu daga ƙasa. Jefa cokalinka ya wuce wurin da kamar gaba biyu, sannan ka jawo shi ta tsakiyarsu.