An Cire Ƙarin, Amma Randebu Na Nan

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a kasuwar Badagishiri ya san ƙoda biyu ce. Aikinsu tace jini da fitar da fitsari, wannan ba sai an koya muku ba. Wani lokaci ƙarin kansa yakan tsiro a cikin ɗaya. In an gano shi da wuri, bai fita daga ƙodar ba, bai wuce santimita 7 ba, likita yakan yanke shi ko ya cire ƙodar ɗungurungum, mutum ya ci gaba da rayuwa da guda. Yawancin irin waɗannan mutane, ciwon ba ya dawo musu. Yawanci na ce, ban ce duka ba.

Ku ji abin da ya faru a wani gida. Wata shida da yi wa maigida aikin cire ƙarin ƙoda a Yamai, uwargida ta kawo masa fura.

"Malam, wata ya kama fa. Ranar komawa ta yi."

"In koma in yi me? Ni da na nome gona jiya har azahar?"

Sai ga maƙwabci ya yi sallama, irin mutanen nan da ba su taɓa rasa ta cewa ba. "Gaskiyarka, Malam. Abin da aka cire aka zubar, me ya rage? Kuɗin motar nan ka sayi taki." Har da zaro ƙwayoyin da ya saya wurin mai talla.

Uwargida ta ƙwala wa ɗiyarta kira ta ɗauko takardun asibiti. Aka duba ƙarƙashin katifa, aka zazzage kwalla, aka juye buhu. Can aka same su a madafa, ɗaya an ƙulle kanwa da ita! Yarinya ta warware, ta karanta ranar da ƙarfi.

"Baba, jibi ne."

"To wa zai biya?"

"Akuyata," in ji uwargida. "Kai kuma, maƙwabci, kwashe ƙwayoyinka, a gaida gida."

Matar nan ta fi mazan biyu hankali. Ƙarin da aka cire ba zubar da shi ake yi ba, ana duba shi da madubin likita. Takardar da aka ƙulle kanwa da ita ce ke faɗin girmansa, da muguntar ƙwayoyinsa, da ko ya taɓa jijiyar jini ko kaluluwa. Da wannan likita ke auna haɗarin dawowar ciwon, ya yanka wa wani randebu, wato ranar komawa asibiti, duk wata 6, wani sau ɗaya a shekara. Kada ka tsallake randebu.

In ciwon ya dawo, sau da yawa huhu yake fara kamawa, ko ƙashi, ko hanta, kuma da farko ba ya zafi. Kana noma, kana cin tuwo, yana girma. Hoton sikana ko na ƙirji ne ke kama shi tun yana ƙarami, lokacin da ake iya yi masa wani abu. Ya fi dawowa a shekarun farko, amma yakan ɓullo har bayan shekara 5. Saboda haka jin ƙarfi ba sallama ba ne. Ko damina ce, ko lokacin cirar albasa, kada ka tsallake randebu.

Yamai da nisa, na sani. Can ne cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa take. Tambayi likitanka ko gwajin jini da hoton eko za su yiwu a asibitin Tawa ko na Galmi, amma shi zai yanke, ba maƙwabci ba.

Ka bar taba, ka riƙa auna hawan jini, ka guji ƙwayoyin ciwon jiki irin diklofenak, suna wahalar da ƙodar da ta rage. In ka ga jini a fitsari kada ka ce tsargiya ce, tafi asibiti. Haka in tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tafi ko ranar ba ta yi ba.

Aikin gida: kowa ya rubuta ranar randebun wani na gidansu da lambobi, rana, wata da shekara, ya kawo aji gobe.