Tsarin Jikin Ɗan Adam da Mazaunin Kayan Ciki

An rubuta wannan takarda ne domin jama'armu mazauna Kado da kewayenta a birnin Abuja, tun daga masu sana'a a kasuwar kifi har zuwa magidanta da ke zirga-zirga tsakanin Jabi da Gwarinpa, waɗanda Allah ya hore musu asibitoci kusa da gida, amma da yawansu idan suka zauna gaban likita ba sa iya faɗin komai face "cikina ke ciwo", alhali kuwa cikin nan fili ne mai faɗi, kuma kowace kusurwa tasa da abin da ke zaune a cikinta. Likita kuwa ba ɗan duba ba ne, sai da bayanin majiyyaci yake fara aiki.

Wannan fanni, wanda malamai ke kira ilmin tashrihi, ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya yi bayanin ƙasusuwa da jijiyoyi a farkon littafinsa Alƙanun, sa'an nan Ibn Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, shi ne ya bayyana cewa jini ba ya ratsa bangon da ke tsakiyar zuciya kamar yadda magabata suka zata, sai dai ya fita daga sashen dama ya bi ta huhu ya komo sashen hagu. Baturen Ingila William Harvey bai wallafa bayanin zagayawar jini a jiki duka ba sai a 1628. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da jihadi, ya yi talifi a kan ɗibbu, har da maganin basir. Saboda haka wanda ya ce binciken jiki aikin Nasara ne, bai san tarihin malamansa ba.

Abu na farko da masana suka yi ittifaƙi a kansa shi ne yanayin da za a sifanta mutum a cikinsa, watau yana tsaye, fuskarsa na gaba, hannuwansa na sake a gefe, tafukan suna kallon gaba. Kuma duk inda aka ce dama ko hagu, to na majiyyacin ake nufi, ba na mai dubansa ba. Daga nan sai suka ƙaddara yanka iri uku a zuci, ba da wuƙa ba: ɗaya ya raba dama da hagu, ɗaya ya raba gaba da baya, na uku ya gitta ya raba sama da ƙasa. Da can wannan karatun ɗalibai ne kawai, amma yanzu na'urorin ɗaukar hoto na manyan asibitoci, irin Asibitin Ƙasa na Abuja, suna nuna cikin mutum sala-sala bisa waɗannan yanka uku, shi kuwa yana kwance ko ƙwarzane bai samu ba.

Ta bayan jiki akwai kogo biyu da ke haɗe da juna, watau ƙoƙon kai wanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwa, da ramin da ya ratsa ƙashin baya wanda laka ke kwance a cikinsa, kuma dukansu tantani uku ne ya lulluɓe su tare da wani ruwa garai-garai. Kumburin wannan tantani shi ne sanƙarau, wanda ya yi wa Arewa mummunar ɓarna a 1996, kuma shi ya sa likita ke tsira allura a ƙasan gadon baya ya ɗebi ruwan domin awo, ko da yake a kai da wuya ake jin ciwon. Ruwan ɗaya ne daga sama har ƙasa, don haka kada dangi su hana.

Ta gaba kuwa akwai kogon ƙirji, wanda haƙarƙari goma sha biyu a kowane gefe suka kewaye. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, domin ya rage wa zuciya wuri, ita kuwa tana tsakiya ne ta ɗan karkata hagu, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana da ɗaki huɗu, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ga baligi mai hutawa, tana juya jinin da bai wuce kimanin lita 5 ba dare da rana. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani shamaki na tsoka mai siffar ƙubba, wanda duk mai feɗe ragon layya ya taɓa ganinsa ko da bai kula ba, domin sai ya yanke shi kafin ya kai ga huhu da zuciya. Idan wannan shamaki ya ja ƙasa iska ta shiga, idan ya saki ta fita. Idan kuwa ya zabura ba shiri, to ita ce shaƙuwa.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya nutsu, domin kogon ciki shi ne inda rikici ya fi yawa. Ka ƙaddara layi biyu sun gitta a kan cibiyarka, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sai ciki ya kasu huɗu. Sama ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, mazaunin hanta ne, wadda nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, da maɗaciya maƙale a ƙarƙashinta. Sama ta hagu akwai tumbi da saifa, kuma saifar nan ce ke kumbura ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana addaba, har uwa ta ji tauri ta kai yaron ga wanzami a yi masa tsaga, alhali tsagar fata ba ta isa inda cutar take. Ƙananan hanji, masu tsawon kusan mita 6, sun naɗe a tsakiya, babban hanji ya kewaye su, kuma a farkonsa, can ƙasa ta dama, akwai wata 'yar jaka kamar yatsa wadda likitoci ke kira afendis. Ƙoda biyu suna can baya, jingine da kwiɓi, shi ya sa ciwonsu kan zo kamar ciwon baya. Daga ƙasa kuma kogon ƙugu ne, inda mafitsara take, da mahaifa ga mata.

Dukan wannan kogo tantani guda ne ya shimfiɗe shi, mai santsi, mai tsabta ƙwarai, wanda idan ƙazantar hanji ta zubo masa, ko don afendis ta fashe ko don zazzaɓin taifot ya huda hanji, ciki kan ƙage ya yi tauri, majiyyaci ya kasa ko motsi, kuma daga nan sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Saboda haka idan ciwo ya fara a cibiya sa'an nan ya koma ƙasa ta dama, tare da zazzaɓi ko amai, ko mace ta yi ɓatan wata sannan ciwo mai tsanani ya taso mata a gefe ɗaya na mara, kada a ba da maganin wankin ciki, kada a gasa wurin, kada a ba majiyyaci abinci, domin mai yiwuwa sai an yi aiki. A kai shi asibiti mafi kusa, ya nuna wurin da yatsa ɗaya, ya faɗi inda ciwon ya fara, da lokacin da ya fara, da inda ya koma.