Darasin Lafiyar Iyali: Ciwon Saurin Numfashi Saboda Fargaba

Gabatarwa

A cikin zafin watan Maris da Afrilu a garin Lafiya, ba baƙon abu ba ne a ga mutum ya kama haki ana tsakiyar sujada, ko a gidan makoki, ko a ɗakin jarrabawa. Yana dafe ƙirji, yana cewa iska ba ta isarsa, yatsunsa suna ƙandarewa. Nan take waɗansu za su ce iskokai ne, waɗansu su ce farfaɗiya ce, waɗansu kuwa su ce iya shege ne kawai. Sau da yawa ba ko ɗaya daga cikinsu. Ciwo ne sananne, yana kuma da magani.

Abin da ke faruwa a jiki

Babban mutum da ke hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Yana shaƙar iskar oksijin, yana fitar da iskar kabon dayoksaid. Wannan iska ta biyu ba shara ba ce zalla, gama jini yana bukatar wani ma'auni nata. Sa'ad da tsoro ko baƙin ciki ya sa mutum numfashi da sauri da zurfi, yakan zubar da ita fiye da kima. Sai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su tsuke, jiri ya zo, gani ya dushe. Sinadarin kalsiyam da ke aiki cikin jini ya ragu, leɓuna da yatsu su sage, hannuwa su murɗe.

Ganin haka sai tsoron mutuwa ya kama shi, ya ƙara jan iska, alamun su ƙara tsanani. Yana ji kamar iska ta kasa masa, alhali numfashin ne ya yi yawa.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan hali. A shekara ta 1871 Likita Jacob Da Costa ya bayyana sojojin yaƙin basasar Amurka masu fama da bugun zuciya da haki, ba a kuwa sami lahani a zuciyarsu ba. A 1937 Likita William Kerr da abokan aikinsa suka nuna dangantakar irin waɗannan alamu da yawan numfashi na masu damuwa. An fi ganin ciwon ga mata, amma maza ma ba su tsira ba. Iyalan da suka gudu daga rikicin 2018 a ƙananan hukumomin Awe, Keana, Doma da Obi sun san yadda firgita takan zauna a jiki bayan ƙura ta lafa.

Taimako a lokacin da abin ya taso

1. A janye taron jama'a, a zaunar da shi a inuwa. Ihu da kuka a kansa suna ƙara wutar.
2. Mutum ɗaya wanda ya amince da shi ya zauna gabansa, ya yi masa magana a hankali.
3. Ya ɗora hannu a cikinsa, ya ja iska ta hanci kaɗan, ya fitar a hankali ta leɓuna kamar mai hura koko mai zafi. Fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Mai taimako ya yi tare da shi, yana ƙirga masa.
4. Kada a ɗura masa ruwa ko manja, kada a sa cokali a bakinsa, kada a mare shi.
5. Kada a rufe masa hanci da leda. Ko jakar takarda da a dā ake koyarwa, likitoci sun daina ba da shawararta, domin tana iya hallaka mai ciwon fuka ko ciwon zuciya.

Yawanci numfashin yakan daidaita cikin rabin sa'a.

Lokacin zuwa asibiti

Iyali ba su da ikon yanke cewa fargaba ce kawai. Ciwon fuka, ciwon huhu, ciwon zuciya, ƙarancin jini da hawan suga duk suna sa saurin numfashi. Saboda haka a garzaya asibiti in wannan ne karo na farko, in akwai zazzaɓi, tari, ko zafin ƙirji mai gangarawa hannu, in leɓuna sun canza launi, in mutumin ya suma, ko tsoho ne, ko mace mai juna biyu. Ƙaramin yaro mai saurin numfashi kuwa, a ɗauke shi a matsayin mai ciwon huhu ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har sai likita ya duba. Mazauna Lafiya suna da asibitin da suka sani da sunan Dalhatu Araf, na yammacin jihar kuma suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi.

Bayan an tabbatar da ciwon

Mai ciwon ya riƙa gwada numfashin ciki na minti 10 safe da yamma, tun yana cikin natsuwa. Ya sami isasshen barci, ya rage goro da kofi. Sa'an nan a nemi tushen damuwar: bashi ne, rasuwa ce, tashin hankalin gida, ko tsoron faɗuwa jarrabawa? Likitan ƙwaƙwalwa da mai ba da shawara suna taimakawa ƙwarai, zuwa wurinsu kuma ba alamar hauka ba ne. Ciwon ba shaidar raunin bangaskiya ba ne. Fasto da zumuntar mata za su yi hidima mai kyau in sun yi addu'a cikin natsuwa, suka saurari mai ciwon, suka kuma raka shi asibiti.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Me ya sa mai wannan ciwo yake jin ƙarancin iska?
2. Waɗanne alamu ne ke nuna a tafi asibiti ba da jinkiri ba?
3. Wane ne a cikin gida yake ɗauke da damuwar da ba a taɓa tambayarsa ba?