Iyayen Briqueterie, Ku Bar Yara Su Je Gidan Tarihi

Ina koyar da zane da sana'ar hannu a wata makarantar sakandare a yankin Cité Verte, kuma da yawa daga cikin ɗalibaina daga Briqueterie suke tasowa kowace safiya. Duk shekara nakan raba wa 'yan manyan azuzuwa takardar neman izinin iyaye, domin mu kai ziyara gidajen tarihi na cikin Yawunde. Takardun da suka fi dawowa babu sa hannu na yaranmu ne, Hausawa da Fulani, musamman 'yan mata. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa nake wannan magana da harshenmu.

Uzuri na farko da nake ji shi ne jarrabawa. Yaro yana shirin Probatoire ko Bak, ina shi ina yawon kallo? To, ginin da muke fara shiga shi kansa darasin tarihi ne da ake tambaya a jarrabawar. Gidan Tarihi na Ƙasa yana cikin fadar da aka gina wa gwamnan Faransa a zamanin mulkin mallaka, wadda daga baya ta zama fadar Shugaba Ahmadu Ahijo kafin a mayar da fadar shugaban ƙasa Etoudi. An gyara shi aka sake buɗewa a watan Janairun 2015. Yaron da ya taka matakalar wannan gida, ya ga hotunan lokacin samun 'yancin kai a 1960 da na haɗewar ƙasa a 1961, ba ya sake rikita waɗannan shekaru a takarda.

Uzuri na biyu ya fi nauyi, kuma ba na raina shi. Wani dattijo mai shagon ɗinki ya same ni a bakin ƙofar makaranta ya ce, "Malam, ni fa ban sa 'yata boko don a kai ta gidan gumaka ba." Na ce, "Alhaji, gaskiyarka, akwai sassaƙe-sassaƙe a wurin. Amma ba wanda zai rusuna wa komai, kuma ba na tilasta wa yaro ya zana siffar mai rai." Haka tsarina yake. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya zana ƙofa, ko ganga, ko adon tufafi, ko fasalin ɗakin Musgum mai kama da ƙwai a tsaye. Makinsa ba ya raguwa. Abin da nake so ya koya shi ne kallo da natsuwa, kuma wannan ana samunsa a jikin tabarma kamar yadda ake samunsa a jikin mutum-mutumi.

Ga yadda muke yi. Kowa yana zuwa da littafin zane da fensir, waya kuma tana zama cikin jaka. Bayan mai yi mana jagora ya gama zagayawa da mu, kowane ɗalibi zai zaɓi abu ɗaya tak, ya tsaya gabansa ya zana, ya kuma amsa tambayoyi a ƙasan zanen: da me aka yi shi, da wane kayan aiki, kuma hannun mai yinsa ta ina ya fara. Yaro yakan ɗauki hotuna barkatai da waya ya fita bai ga komai ba. Fensir kuwa ba ya barin ka wuce abin da ba ka gane ba.

A Gidan Tarihi na Ƙasa, a sashen kayan arewacin ƙasa, na ga amfanin wannan ƙuru-ƙuru. Wani ɗalibina, wanda a aji da ƙyar ake jin muryarsa, ya tsaya gaban wata babbar riga mai aikin hannu. Ya fara zana aljihun, ya goge, ya sake, sannan ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya taɓa gilashin. Ya kira ni ya ce, "Malam, duba nan, mutum biyu ne suka yi aikin nan. Wannan ɗinkin a matse yake, wancan ya fi saki." Na duba, na ga abin da yake nufi. Ashe tun yana ƙarami yake zama a shagon kawunsa yana zura zare a allura. Nan take 'yan ajinsu, Ewondo da Bamileke da sauransu, suka kewaye shi yana nuna musu yadda ake fara zana adon a jikin yadi kafin allura ta bi, da abin da ya raba aikin hannu da na keke. Ranar ce ta farko da ya ga sana'ar gidansu a matsayin abin da ƙasa take adanawa, kuma ya ga akwai ilmin da ya fi kowa a ajin.

Daga nan mukan hau dutsen Fébé, inda limaman Kirista 'yan ɗariƙar Benedikt suke da ɗan ƙaramin gidan adana kayan fasaha. Yawancin kayan daga yammacin ƙasa suka fito, na Bamun da Tikar da maƙwabtansu. A nan nake koyar da zubin tagulla, gaban lofen taba na sarauta. Maƙeri yana fara ƙera siffar da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Dole a fasa yumɓun kafin a fito da abin, saboda haka kowane lofe shi kaɗai ne, ba shi da tagwai. Ɗaliban kimiyya, waɗanda suka zo suna ganin fitar ba tasu ba ce, su ne suka fi yin tambaya a nan.

Kafin mu fita nakan ba su labarin Sarkin Bamun Ibrahim Njoya, domin ya shafe mu kai tsaye. Ya yi mu'amala da Fulanin Banyo da fataken Hausawa, ya ga littattafan Larabci a hannunsu, kuma wajen 1896 ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutu nasu na kansu. Ya fara da alamomi ɗaruruwa, ya yi ta tacewa har suka dawo kusan 80. Faransawa sun kawo shi Yawunde gudun hijirar dole a 1931, a nan ya rasu a 1933. Karagar mahaifinsa mai ado da duwatsun wuya, Mandu Yenu, tana Barlin tun 1908. Wani bincike da Albert Gouaffo na Jami'ar Dschang da Bénédicte Savoy suka jagoranta, wanda ya fito a 2023, ya ƙirga kayan tarihin Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus, adadin da ya ninka abin da ke Yawunde sau da yawa. Ana ta maganar a dawo da su. In sun dawo, wa zai karɓe su, ya gyara, ya yi bayaninsu? Ina so a samu 'ya'yan Briqueterie a cikin masu wannan aiki, kuma hanyar karatun tana nan: akwai makarantar fasaha ta Mbalmayo, akwai Cibiyar Fasaha ta Jami'ar Dschang da ke Fumban, garin da aka buɗe sabon gidan tarihin sarakunan Bamun a 2024.

Mu malamai ma akwai haƙƙi a kanmu. Ba daidai ba ne a aika wa uba takarda da Faransanci zalla, babu lokacin dawowa, babu sunan malamar da za ta raka 'yan mata, sannan a ce ya ƙi ci-gaba. Takardarmu tana faɗin inda za a je, da motar da za a shiga, da kuɗin da za a kashe, da inda yara za su yi sallar azahar. Ba ma sa fitar ranar Juma'a. Wanda kuɗin mota ya gagare shi, ya yi mini magana a keɓe, ba a gaban aji ba. Uba ko uwar da ke da shakka kuma, akwai kujera a motar, su zo mu tafi tare su gani da idonsu.