Yadda Za Ku Haɗa Kwamfutar Tebur Mai Linux da Wi-Fi na Gida

Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a watan Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutocin tebur na gwanjo, irin su Dell OptiPlex da ofisoshin Turai suka sallama, suka shiga tsaka mai wuya, domin Windows 11 ba ya karɓar da yawansu. Shi ya sa gidaje ke komawa nau'o'in Linux irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne, kuma kowa na da damar duba yadda aka rubuta su. Sai a gama sakawa, a duba kusurwar allo, babu alamar Wi-Fi. Galibi laifin ba na Linux ba ne, na ɗan ƙarfen da ke kamo sabis ɗin ne.

1. Ku fara tabbatar da cewa kwamfutar tana da abin kama Wi-Fi. Ta tafi-da-gidanka da shi ake ƙera ta, amma yawancin na tebur, musamman na ofis, ramin waya kawai gare su. Ku leƙa bayanta ko akwai eriya. In kuna shakka, ku danna Ctrl da Alt da T tare, tagar umarni za ta buɗe. Ku rubuta lspci, sannan lsusb. Duk abin da ke jikin na'urar zai fito da sunansa.

2. Ku samo mata intanet na wucin gadi. Manhajar da za ta tayar da Wi-Fi sau da yawa daga intanet ake sauke ta, ga shi kuma babu intanet ɗin. Mafita tana aljihunku: ku jona wayar Android da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, ku kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. Linux na gane ta nan take.

3. In za ku sayi ɗan makamin Wi-Fi na USB, sunan cip ɗin da ke cikinsa za ku tambaya, sunan kamfanin da ke jikin kwali ba ya wadatarwa. A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Ga misali, TP-Link TL-WN722N: fitowar farko tana ɗauke da cip na Atheros AR9271, wanda ake jonawa ya kama aiki. Fitowa ta biyu da ta uku, suna ɗaya, kama ɗaya, amma na Realtek ne a ciki, kuma ya daɗe yana ba masu Linux wahala. Bambancin yana kan ƴar takardar da ke manne a jikinsa, inda aka rubuta V1, V2 ko V3. Katin Intel da ake sokawa cikin kwamfuta ba shi da rigima, na MediaTek ma yawanci haka. Mai shago zai ce muku “yana yi da kowace kwamfuta”, kuma ba ƙarya yake nufi ba, Windows ya sani. A ganina, ku yi ciniki da sharaɗin mayarwa in bai yi ba. Faifan CD da ke cikin kwalin kuwa, ku bar shi a inda yake.

4. In cip ɗin na Broadcom ne, ko wani da ba a saki sirrin manhajarsa ba, ku buɗe Additional Drivers a Ubuntu, ko Driver Manager a Mint, ku zaɓi abin da aka nuna, ku kashe ku kunna. Idan bai tashi ba, wataƙila tsaron Secure Boot ne ya tare shi. Lokacin sakawa yakan nemi ku ƙirƙiri kalmar sirri da za ku sake shigarwa a wani shuɗin allo, kada ku tsallake shi. Masu Debian, wani nau'in Linux, sun sami sauƙi tun fitowa ta 12 a 2023, da aka fara haɗa wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji cikin faifan sakawa.

5. Haɗawar kanta ba ta da wuya: ku danna alamar, ku zaɓi sunan rautarku, ku shigar da kalmar sirri. In ana ta ƙin karɓa, ku sa ta bayyana ku gani, domin madannin Birtaniya da na Amurka sun saɓa a wurin alamar @. In kuma an ce Wi-Fi a kashe yake, ku rubuta rfkill unblock wifi.

6. Kwamfutar tebur akwatin ƙarfe ce, ga ta a ƙarƙashin tebur, jingine da bangon bulo. Duk wanda ya soka makamin a bayanta ya toshe masa kunne. Ku sayi ƴar igiyar ƙari ta USB, ku ɗora shi sama. Ku kuma guji ramukan USB 3 masu shuɗin ciki, don suna damun zangon 2.4 GHz. Wannan zangon ya fi ratsa bango, na 5 GHz ya fi gudu amma sai a kusa. In rauta tana falo kwamfuta tana ɗaki, na farkon za ku zaɓa.

7. Wani lokaci an haɗu lafiya, amma shafuka na ƙin buɗewa suna kukan tsaro. Ku dubi agogon kwamfutar. In ya koma shekarun baya, ɗan batirin cikinta mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, abin da ya zama ruwan dare a kayan gwanjo. Masu gyaran agogo na sayar da shi.

8. Masu MiFi da data ta wata-wata su shiga saitin haɗin su nuna cewa mai awo ne, don wasu manhajoji su rage sauke sabuntawa a ɓoye. Sannan ku shiga shafin rautar, adireshinsa na jikinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ku canza kalmar sirrin da ta zo da ita. Ku zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3. In WEP kaɗai rautar take da shi, lokacin canza ta ya yi, domin cikin mintuna ake fasa shi.